Fargabar Iyaye da Salon Tarbiyya: Tasirinsu ga Yara Masu Fama da Ciwo Mai Daɗewa

Gabatarwa

A duk shekara, da zarar sanyin hunturu ya sauka a Kaya da Faru da Gora, ko a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, akwai gidajen da barci kan ƙaurace wa. A irin waɗannan gidaje yaro kan kwana yana kukan ƙafa ko baya ko ciki, uwa tana zaune a kansa, uba yana kai da komo a tsakar gida yana lissafin kuɗin mota da na magani. Galibin waɗannan yara masu ciwon sikila ne, wanda wasu ke kira amosanin jini. Wasu kuwa ciwon ciki ne ko ciwon kai ke dawo musu lokaci bayan lokaci.

An sha yin bayani a kan magungunan da ake ba waɗannan yara, amma ba a cika yin magana a kan halin da iyayensu ke shiga ba. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da kakanni, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da shugabannin al'umma na ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Manufarmu ita ce mu nuna cewa yadda babba ya karɓi ciwon yaro yana iya sassauta masa wahala, yana kuma iya ƙara masa ita.

Mene ne ciwo mai daɗewa?

Likitoci suna kiran ciwo mai daɗewa idan ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba, ko kuma yana tafiya yana dawowa a tsawon wannan lokaci. Wani nazari da aka buga a shekarar 2024, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu yawa, ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar a duniya yana fama da irin wannan ciwo. Saboda girman matsalar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kanta a watan Disamba na 2020. Ƙa'idojin sun buƙaci a dubi jikin yaro da tunaninsa da iyalinsa gaba ɗaya, kada a tsaya ga ƙwaya da allura kawai.

A ƙasarmu, sikila na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara wannan hali. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da nau'in jini na AS. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi da tsoka su rasa isasshen jini. Daga nan ne azabar ke tasowa. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da gajiya mai tsanani, duk suna iya tayar da ciwon. Wannan ciwo na gaske ne. Yaron da ya ce ƙashinsa na sara, gaskiya yake faɗi.

Yadda tsoro ke ƙara zafin ciwo

Tun a shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka yi bayanin cewa saƙon ciwo ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Akwai wani abu mai kama da ƙofa a cikin lakar gadon baya, wanda ke iya buɗewa sosai ko ya rage buɗewa, kuma ƙwaƙwalwa tana da hannu a wannan aiki. Tsoro da zuba wa ciwo ido suna ƙara buɗe ƙofar. Natsuwa da shagala da wani abu suna rage ta.

Manomi ya san wannan ko bai taɓa jin sunan waɗannan masana ba. Mutum kan yanke da lauje yana tsakiyar yankan shinkafa a fadama, ba zai ji zafin sosai ba sai ya koma gida dare ya yi, ya kwanta babu abin da yake tunani sai yankan.

Ƙaramin yaro bai da ma'aunin da zai auna girman abin da yake ji. Ma'auninsa shi ne fuskar mahaifiyarsa da muryar mahaifinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ya ɗaga kai ya ga uwa tana hawaye tana salati da ƙarfi, maƙwabta sun cika ɗaki kowa yana faɗin albarkacin bakinsa, sai ya tabbata cewa abin da ya same shi na mutuwa ne. Numfashinsa ya ƙaru, jikinsa ya ɗaure, ciwon ya ƙara tsananta. Kukansa kuma ya ƙara firgita uwar. Haka abin zai yi ta zagayawa tsakaninsu.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2006, Farfesa Lynn Walker da abokan aikinta na Jami'ar Vanderbilt a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da yara fiye da 200, masu shekara 8 zuwa 16, wasu masu yawan ciwon ciki, wasu lafiyayyu. An ba kowane yaro ruwa ya sha har cikinsa ya cika ya fara damunsa. Sai aka kasa iyayen gida uku. An umarci kashi na farko su riƙa tambayar yaro yadda yake ji suna tausaya masa. An umarci kashi na biyu su ɗauke masa hankali da wata hira. Kashi na uku ba a ba su wani umarni ba.

Yaran da aka yi ta tambaya, koke-kokensu sun kusa ninkawa biyu. Waɗanda aka ɗauke wa hankali kuwa, nasu ya ragu da kusan rabi. Da aka tambayi yaran daga baya, waɗanda aka yi wa hira su suka fi cewa iyayensu sun sa sun ji sauƙi. Amma iyayen yara masu ciwon sun ɗauka cewa ɗauke hankalin ne ya fi iya cutar da 'ya'yansu. Wato abin da uwa ke gani shi ne tausayi, ba koyaushe ne yake zama abin da ya fi amfanar ɗanta ba.

A shekarar 2010 kuma, Farfesa Rona Levy ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun yi aiki da iyalai 200 masu yara da ke yawan ciwon ciki. Zama uku kacal aka yi da wani kashi daga cikinsu, aka koya wa iyaye yadda za su amsa kukan ciwo, aka koya wa yara dabarun natsuwa. Bayan wata 6, iyayen wannan kashi sun ba da rahoton raguwar ciwon 'ya'yansu fiye da na ɗaya kashin.

Wajibi ne mu yi hattara a nan. Waɗancan yara ciwon cikinsu ba ya tare da wata illa a hanji, alhali ciwon sikila yana iya zuwa da haɗari ga rai. Duk da haka, an ga makamancin wannan a tsakanin masu sikila su kansu. Binciken da Karen Gil da abokan aikinta suka buga a 1991 daga Jami'ar Duke ta Amurka ya nuna cewa yara masu sikila da tsoro da mugun zato suka rinjaya sun fi barin harkokinsu, sun kuma fi yawan zuwa asibiti, a kan waɗanda suka koyi dabarun fuskantar ciwon.

Salon tarbiyya iri uku

Idan muka dubi gidajenmu, za mu ga iyaye sun kasu kashi uku wajen riƙon yaro mai ciwo.

Na farko shi ne killacewa. Saboda tsoro, sai a hana yaro makarantar boko da ta allo, a hana shi wasa da tsaransa, a ɗauke masa kowane aiki, ko tsintsiya ba ya taɓawa. Da ya yamutsa fuska sai a sayo masa tsire da lemo, a kori ƙannensa daga ɗaki. An fi ganin wannan ga ɗan auta, da ɗan da ke hannun kaka, da ɗan wabi wanda 'yan uwansa suka rasu kafin a haife shi. Ƙauna ce ta kawo haka, amma sakamakonsa yana da nauyi. Jikin yaro yana yin rauni saboda rashin motsi. Tsaransa suna wuce shi a karatu, har ya ji kunyar komawa aji. Ba ya da abin tunani sai jikinsa. Ba tare da ya yi niyya ba, yakan koyi cewa ranar ciwo ita ce ranar da ake kula da shi. 'Yan uwansa kuma, musamman a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, sukan fara jin haushinsa. Wannan ne magabata suka hango da suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi.

Na biyu shi ne tsanani. A nan ana ce wa yaro rago, ko a ce ƙarya yake yi don gudun gona ko talla. Akan ce masa namiji ba ya kuka. Wani uban har duka yake yi. Al'adarmu ta girmama dauriya, ta kuma sa wasu iyaye kunyar nuna kulawa ga ɗan fari a gaban mutane. Amma yaron da aka ƙaryata sau biyu, sau uku, ɗayan abu biyu zai yi. Ko dai ya ƙara ƙarfin kuka don a yarda da shi, ko ya yi shiru ya ɓoye abin da yake ji. Ga mai sikila, shirun ya fi haɗari, domin zai iya ɓoye zazzaɓi ko ciwon ƙirji har lokaci ya ƙure.

Sau da yawa ana samun waɗannan salo biyu a gida ɗaya. Uwa da kaka suna killacewa, uba yana tsanantawa, yaro yana tsakiya bai san wanda zai bi ba.

Na uku shi ne tsaka-tsaki, kuma shi muke ba da shawara a bi. A yarda da yaro, a yi masa abin da ya dace cikin natsuwa, sannan a mayar da shi ga harkokinsa da zarar ya samu sauƙi. Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 9 da ta farka da asuba ta ce, "Inna, ƙafata." Uwar da ta bi wannan hanya za ta taɓa jikinta ta ji ko akwai zazzaɓi, ta dubi idonta da numfashinta, sannan ta ce, "Sannu 'yata, na ji. Irin na kwanaki ne, mun san abin da za mu yi. Ga ruwa ki sha, ga maganinki, bari in ɗumama ruwa in gasa miki." Bayan haka sai ta zauna kusa da ita ta yi mata tatsuniya, ko ta sa ta taya ta tsince wake daga kwance. Ba za ta riƙa tambayarta "Har yanzu yana yi?" kowane ɗan lokaci ba, amma idonta yana kanta.

Daga ina fargabar iyaye ke tasowa?

Ba mu kawo wannan bayani don ɗora wa iyaye laifi ba. Fargabarsu tana da dalilai. Wasu sun riga sun binne ɗa ko biyu da irin wannan ciwo. Kuɗin magani da na ƙarin jini kan cinye abin da aka noma. Daga ƙauyuka da dama tafiya zuwa babban asibiti tana da nisa, kuma matsalar tsaro da yankinmu ke fama da ita ta sa fita da dare ta zama abin tsoro.

Akwai kuma zargi. A gidaje da yawa uwa ake ɗora wa laifi, a ce daga danginta ciwon ya fito, har ya kai ga gori daga kishiya ko dangin miji, wani lokaci ma ga saki. Gaskiyar magana ita ce yaro ba ya zama SS sai ya gaji ƙwayar ciwon daga uwa da uba duka biyu. Idan dukansu AS ne, kowane ciki da aka ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Babu hannun maye a ciki, ba sammu ba ne, ba kuma iska ba. Uwar da ke kwana da zargi a zuciyarta da wuya ta iya nuna wa ɗanta fuska mai natsuwa. Don haka mijin da ya tsaya wa matarsa a gaban danginsa ya yi wa ɗansa rabin jinya.

Ya kamata iyaye su san cewa al'amura sun canza. Da allurar rigakafi, da gidan sauro, da maganin folik asid, da zuwa asibiti a kan kari, masu sikila da yawa suna girma su yi karatu, su yi aure, su riƙe sana'a. Maganin haidroksiyuriya, wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi tare da bin diddigin jini, yana rage yawan tashin ciwon. An tabbatar da amfaninsa ga yaran Afirka a wani bincike da aka buga a 2019, kuma an gwada shi a asibitocin Kano da Kaduna wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Alamomin da ba a jira da su

Natsuwa ba sakaci ba ce. Babban abin da ke rage fargaba shi ne iyaye su san ciwon da za a iya kula da shi a gida, da wanda dole a garzaya asibiti. A kai yaro mai sikila asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zazzaɓi, ko da bai yi tsanani ba.
2. Ciwon ƙirji, ko tari tare da wahalar numfashi.
3. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko yaro ya yi laushi ƙwarai.
4. Kumburin ciki farat ɗaya, musamman ta gefen hagu inda saifa take.
5. Karkacewar baki, ko rauni a hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana, ko jijjiga, ko matsanancin ciwon kai.
6. Amai da ya hana shan ruwa da magani.
7. Miƙewar gaban yaro namiji mai zafi da ta ƙi kwanciya.
8. Ciwon da maganin gida bai sassauta ba.

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa, ko babban asibitin Maradun ko Talata Mafara ko Bakura. Daga can, idan akwai buƙata, za a tura zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Haka nan, duk yaron da ciwon ciki ko na kai ke yawan dawo masa, a kai shi a bincika tukuna kafin a yanke hukuncin cewa babu komai.

Shawarwari ga iyaye

A tsara shiri tun yaro yana lafiya. Uwa da uba da kaka su zauna su yarda a kan abu ɗaya: wane magani likita ya ce a ba shi, ina aka ajiye shi, wa zai kai shi asibiti, da wane abin hawa. A ware ɗan abin da ya samu, ko da kaza ce ko akuya, domin ranar buƙata. Wanda ya san abin da zai yi ba ya ruɗewa.

A rage taro a kan mara lafiya. Gaisuwa da dubiya al'ada ce mai kyau, amma a yi su a zaure ko a tsakar gida. Kada a ba da labarin wanda ciwon ya kashe a gaban yaro.

A gaya wa yaro gaskiya daidai da hankalinsa. Kada a ce masa allura ba zafi. A ce masa za ta yi zafi kaɗan, kuma ana tare da shi.

A koya masa abin da zai yi wa kansa: shan ruwa da yawa, sa rigar sanyi da hunturu, guje wa dukan ruwan sama da wanka a magudanar ruwan noman rani da sanyin safiya, jan numfashi a hankali, da karanta addu'o'in da ya haddace idan ciwo ya taso. A yaba masa duk lokacin da ya yi haka.

A bar shi ya yi makaranta, ya yi wasa, a kuma ba shi aikin gida daidai ƙarfinsa, kamar ba kaji hatsi ko rakiyar ƙane. Idan ya yi laifi a tsawata masa kamar sauran yara, ba tare da duka ba. Kyauta da hira su zo a ranar lafiya ma, kada su zama na ranar ciwo kawai.

A guji tsaga da ƙaho da sakiya, domin suna zubar da jinin da dama bai ishi yaron ba, suna kuma kawo ƙwayoyin cuta. A guji sayen Tramol ko allura a kasuwa ba da izinin likita ba.

Uwa ma mutum ce. A karɓe ta ta yi barci. Idan damuwa ta hana ta ci da barci na tsawon makonni, ta faɗa wa ma'aikacin lafiya, domin wannan ma abin dubawa ne.

Kira ga jami'ai da shugabanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga ma'aikatan cibiyoyin lafiya da su ware 'yan mintuna su saurari uwa, su yi mata bayani da Hausa a fili, su guji yi mata tsawa don ta makara, domin uwar da aka kunyata ba ta saurin dawowa. Su kuma guji zargin yaro mai sikila da son allura.

Shugabannin makarantu da malaman allo su san ɗalibansu masu wannan ciwo. A bar su su sha ruwa su kuma fita bayan gida duk lokacin da suka buƙata, a ɗauke musu bulala da horo mai wahala, a taimaka musu su cike karatun da ya wuce su.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su yi amfani da majalisu da huɗubobi wajen kawar da zargin iyaye mata, su ƙarfafa gwajin nau'in jini kafin a sa ranar aure, su kuma tunatar da jama'a cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Sassan lafiya na ƙananan hukumomi za su iya haɗa iyayen waɗannan yara su riƙa zama tare a ranar asibiti, domin uwar da ta ga ɗan wata ya girma ya shiga sakandare takan koma gida da ƙarfin zuciya. Ranar 19 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2008 domin wayar da kai a kan sikila, dama ce ta shirya irin wannan taro a kowace gunduma.

Kammalawa

Iyaye ba su ne suka ɗora wa yaro ciwo ba, kuma ba su da ikon cire masa shi gaba ɗaya. Abin da ke hannunsu shi ne su yarda da shi idan ya ce yana jin ciwo, su san alamomin haɗari, su yi abin da ya dace cikin natsuwa, su kuma bar shi ya rayu kamar sauran yara. Muna fatan duk wanda ya karanta wannan bayani zai isar da shi ga maƙwabcinsa da bai samu damar karantawa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayensu haƙuri da juriya, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Amin.